Cinikin Biri a Sama: Wa Ke da Asarar Injin da Ya Buga?

Motocin haya da ke jigila tsakanin Birchi da Dutsin-Ma, ko daga Birchi zuwa Kurfi har Katsina, da yawansu sun girmi yaran da ke yi musu lodi. Golf 3 da ta cika tashoshinmu, kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ta a 1991, kuma kafin shekarar 2000 ya riga ya koma kan wadda ta gaje ta. Mota mai irin waɗannan shekaru ba ta mutuwa lokaci guda, gaɓa-gaɓa take tafiya, kuma babu gaɓar da mai mota yake tsoro kamar inji. Abin yakan fara da wata 'yar ƙara daga can ƙasa, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa a gidan maƙwabta. Sai fitilar mai ta riƙa kamawa tana ɗaukewa, sai salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, sai wata rana, ga buhunan wake a but ga fasinja maƙil a ciki, motar ta yi tsit a tsakiyar hanya. Bakanike ya sauke inji, ya kwance, ya shafa karanshaf da yatsa, ya ɗago ya ce gyara zubar da kuɗi ne, a nemo ɗan Beljiyam.

Daga nan lissafi yake farawa, kuma farashin injin kansa kashi ɗaya ne kawai. Inji kaya ne da ake shigowa da shi da dala, ga shi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kusan naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Sai kuɗin motar zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, na mai mota da na bakaniken da zai zaɓa masa. Sai kuɗin ɗauko kaya, da ladan saukewa da ɗorawa, da sabon baƙin mai da filta da bel, sai kuma kwanakin da mota ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi ba alhali tukunyar gida ba ta hutawa. A ƙauye kuɗi irin wannan ba a aljihu yake ba. Sa ake kaiwa kasuwa, ko a sayar da hatsin da aka tanada don damina, ko a jinginar da gona. To, an yi duk wannan, an ɗora inji, ya yi kwana biyu a hanya, sai ga ƙarar nan ta dawo. Mai mota ya kira mai shago, mai shago ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. 'Yan'uwa su ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ke nan: a wajen Allah, wannan asara ta wane ce? Abin da na fahimta shi ne, a mafi yawan lokuta ba ta mai saye ba ce, kuma al'adar da ta ɗora masa ita ta saɓa wa fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu.

Mu fara da sanin irin hajar. Sunan Beljiyam ya biyo tashar jiragen ruwa ta Antwerp da dillalan birnin Brussels, inda aka daɗe ana loda tsofaffin motocin Turai zuwa Kwatano da Legas. Injin da ke ajiye a ƙasan shago, an ciro shi ne daga wata mota da babu wanda ya taɓa gani a nan. Ba a san ko hatsari ta yi ba, ko tsufa, ko ruwa ne ya cinye ta, kuma ba a san nisan tafiyar da ta sha ba. An wanke shi da fetur yana ƙyalli. Mai saye zai zagaya shi, ya buɗe murfin mai ya leƙa, ya sa sufana ya juya ya ji ko yana da nauyi, amma abin da ya zo biyan kuɗi dominsa, wato lafiyar ringi da metal da karanshaf da kan silinda, yana can ciki a rufe. Bahaushe ya kira wannan cinikin biri a sama, malamai suka kira shi garari. Ba na cewa cinikin haramun ne. Malaman Malikiyya sun yi rangwame a kan garari kaɗan wanda babu makawa daga gare shi, kamar mai sayen gida da bai ga tushen ginin ba. Sai dai rangwamen bai zo shi kaɗai ba, shari'a ta haɗa shi da wani haƙƙi da ta bai wa mai saye, na mayar da kaya idan tsohon aibi ya bayyana. Mu kuwa mun karɓi rangwamen, mun yar da haƙƙin.

Hadisai biyu sun isa su nuna inda shari'a ta tsaya. Na farko shi ne wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ba da uzurin ruwan sama, amma Annabi ya tuhume shi a kan rashin sanya jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. A lura, mutumin nan bai furta ƙarya da bakinsa ba, yadda ya jera kayansa ne ya yi ƙaryar. Na biyun ya fi kusa da maganarmu. A wancan zamani Larabawa sukan ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya na wasu kwanaki har hantsarta ta cika, su kai ta kasuwa, mai saye ya ɗauka haka take ba da nono kullum. Annabi ya hana wannan, ya bai wa wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. A ruwayar Muslim an ambaci kwana uku. Malamanmu suka ce sa'in daga abincin da ya fi yawa a garin ake bayar da shi, ka ga a Birchi gero ne ko dawa. Wanda ya zuba wa inji mai mai kauri don ya rufe bakin ƙara, ko ya shafe tsagewa da gam ya bi da fenti, ko ya ɗauko injin da ya gama aiki a titunan Najeriya, aka yi masa ringi, aka wanke, aka jera shi cikin 'yan Beljiyam, me ya raba shi da mai ɗaure hantsa? Akwai kuma wani abu a hadisin da ake yawan tsallakewa. Aibin dabbar nan ba ya fitowa ranar ciniki, sai an yi tatsa ta biyu da ta uku. Ke nan shari'a ta yarda akwai hajar da ido ba ya gama ganinta sai da taimakon kwanaki. Inji ma haka yake, ba ya faɗin gaskiyarsa sai ya yi zafi, ya ja lodi, ya hau tudu.

Malaman fiƙihu sun gina babi guda a kan wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibin zaure ke kaiwa gare ta bayan Iziyya, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibi, ta kuma halatta ciniki da sharaɗin zaɓi na ɗan lokaci don a gwada kaya. Muhtasar na Shaihu Halilu ya auna wannan lokaci gwargwadon hajar: kamar wata guda ga gida, kamar kwana uku ga dabba. Wannan zaɓi ne da sai an shardanta shi a wajen ciniki. Amma akwai na biyu wanda ba ya buƙatar sharaɗi, domin shari'a ce ta bayar da shi: duk aibin da a al'ada irin wannan kaya ba ya zuwa da shi, kuma ya riga ciniki, yana ba da damar mayarwa. Haka nan duk siffar da aka ambata wadda mai saye ke da manufa a kanta, in ba a same ta ba, a mayar. Kalmar nan da ake faɗa a shago, cewa ba a taɓa buɗe injin ba, ba zaƙin baki ba ce a mizanin shari'a, sharaɗi ce. Sannan malamai sun bambanta wanda ya san aibin ya ɓoye da wanda bai sani ba. Idan kayan ya halaka saboda aibin da aka ɓoye, mai saye zai karɓi kuɗinsa cif, kuma ɗawainiyar mayar da kayan wurin da aka yi ciniki tana kan mai ɓoyewar. Mutanen da ba su taɓa ganin mota ba sun yi tunanin kuɗin ɗauko inji daga Birchi a mayar da shi Kano. Abin takaici shi ne yawancinmu karatunmu yakan tsaya a tsarki da salla da azumi, babin ciniki kuwa, wanda a cikinsa muke wuni, kaɗan ne ke isa gare shi.

Mai shago zai ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya zo neman tsohon inji ya san ba sabo ba ne. Wannan gaskiya ce, kuma shari'a ba ta musa ba. Tsufa ba aibi ba ne ga abin da aka sayar a matsayin tsoho. Idan injin yana ɗan shan mai, ko ƙarfinsa bai kai na sabo ba, mai saye ba shi da bakin magana, domin farashin da ya biya ya riga ya ƙunshi wannan. Amma mai sayen rariya bai yarda da wadda gindinta ya fita ba. Wanda ya sayi tsohon inji ya sayi abin da zai ja mota, kuma injin da ya buga a kwana na biyu bai cika ko wannan ƙaramin alkawarin ba.

Zai kuma ce, ni ma ban sani ba, a rufe na sayo shi daga Ladipo a Legas, kuma na faɗa tun farko cewa ba a dawo da kaya. A nan akwai abu biyu da ake cakuɗawa, zunubi da lamuni. Rashin sani yana ɗauke zunubi, kuma mai shagon da bai sani ba mutumin kirki ne, ba macuci ba. Amma rashin sani ba ya mayar da ruɓaɓɓen kaya lafiyayye, kuma ba ya halatta kuɗin da aka karɓa a kan lafiyar da babu ita. Haƙƙin mayarwa yana nan ko ya sani ko bai sani ba, shi kuma ya koma kan wanda ya sayar masa. Game da sharaɗin kuɓuta daga dukkan aibi kuwa, gaskiya ne Hanafiyya sun yarda da shi. Amma a mashahurin zancen Malikiyya, wanda shi kotunan shari'a na Jihar Katsina ke bi, ba ya amfanar ɗan kasuwa a irin wannan haja, an taƙaita shi ne ga cinikin bayi wanda ya riga ya shuɗe, kuma ko a can ba ya rufe aibin da mai sayarwa ya sani. Dalilin a bayyane yake. Wanda ke sayar da inji kullum, yana sanin wace kwantena ce ke kawo mai kyau, yana da damar raba asarar guda ɗaya a kan ribar ashirin, shi ya fi ƙarfin ɗaukar wannan kasada, ba manomin da zai sayi inji sau ɗaya a shekara biyar da kuɗin sansa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren masu shago daga cikin littattafan fiƙihun take fitowa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Malikiyya sun ce aibin da ba a iya saninsa sai an canza kayan, kamar ɓarnar ƙwaro a cikin katako ko ɗacin da ke cikin kokwamba, ba a mayar da kaya saboda shi, domin mai saye da mai sayarwa jahilcinsu ɗaya ne, kuma dukansu a kan haka suka shiga. Mai hankali zai ce ai inji ma haka yake. Amma a wurin da aka kawo wannan hukunci, an ware ƙwai, aka ce shi ana mayar da shi, saboda ana iya gane ɓacinsa ba tare da an fasa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai ƙwan zabi da damina ya ga yadda ake yi: ga ƙwarya da ruwa, mai kyau ya nutse ya kwanta, ɓatacce ya taso. Inji ɗan'uwan ƙwai ne, ba na katako ba. Ana auna matsin silinda da ma'auni, ana kwance kaskon da mai ke taruwa a ƙasa a ga ko akwai garin ƙarfe, ana duba fulogi, ana tayar da shi a saurara, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke lalata shi. Wanda yake da hanyar gwaji a hannunsa, ya ƙi gwadawa, ya kuma hana mai saye kwancewa kafin ya biya, ba zai fake da cewa jahilcinsu ɗaya ba. Ko a katakon ma, malamai sun ce in an shardanta mayarwa, sharaɗin yana aiki.

Akwai kukan da na yarda masu shago suna da gaskiya a cikinsa. Ba kowane inji ne ke zuwa da cutarsa ba, wani a nan ake kashe shi. A ɗora shi a kan tsohon lagireto da ya toshe, a zuba masa jabun mai na gefen titi, a cire abin da ke daidaita zafinsa, a danna wa ƙaramar mota lodin babba, sannan a dawo ana cewa an cuce mu. Wannan ma cin dukiyar mutane ne da ɓarna, kuma direban da ya yi haka ba shi da bambanci da mai gam da fenti. Shari'a ba ta bar mai sayarwa a hannunsa ba. In aka yi jayayya ko aibin tsoho ne ko sabo, asali maganar mai sayarwa ake ɗauka, sai in masana sun shaida cewa irin wannan ɓarna ba ta faruwa a ɗan wannan lokaci. Masana kuwa muna da su. Tsohon bakanike yana rarrabe cin da ƙarfe ya yi a shekaru da ƙunar da ya yi jiya don rashin mai, yana gane gam na da da na yau. Abin da ya ɓace shi ne zaman da za a kira shi ya faɗi abin da ya gani, kowa ya yarda.

Maganar bakanike ta jawo wata da ba a son faɗa. Mai mota ya ɗauke shi, ya biya masa kuɗin mota da abinci, don ya zama idonsa. A shari'a wakili ne, kuma wakili amintacce ne. Idan ya zagaya bayan shago ya karɓi wani kaso daga mai sayarwa ba da sanin wanda ya aiko shi ba, to idon ya koma na mai shago, kuma kuɗin daga aljihun mai mota suka fito ta bayan gida. La'adar da aka sani aka yarda da ita halal ce. Wadda sai an ɓoye ta, ɓoyewar ta isa shaida a kanta.

Wasu kuma za su ce in aka tilasta mayar da kaya, farashi zai tashi, talaka ne zai sha wuya. Zai iya tashi kaɗan, amma talaka yana biyan wannan kuɗi tun yanzu, kuma a mafi munin hanya, domin maimakon kowa ya ƙara ɗan abu, mutum ɗaya ne ke rasa gonarsa. A 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya rarrabe mai kyau da maras kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai masu kaya nagari su janye, kasuwa ta rage wa masu ruɓaɓɓe. Mun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma karin maganar ba ta aiki a kasuwar da ba a iya gane nagarin. Ɗan kasuwa mai tsoron Allah shi ne farkon wanda al'adar nan ke cuta, domin ta daidaita shi da macuci a farashi. Akwai masu shago da ke ba da garanti na 'yan kwanaki da baki, kuma suna cikawa, Allah ya saka musu. Sai dai abin da aka bari a baki, ranar rigima kowa da yadda ya ji shi.

Saura ƙaddara. Babu shakka injin da ya buga da sanin Allah ya buga, kuma mumini yana haƙuri da abin da ya same shi. Amma imani da ƙaddara tsakanin bawa da Ubangijinsa yake, bai taɓa zama hanyar share haƙƙin wani a kan wani ba. In da hujja ce, da mai shago ma sai ya karɓi injinsa ya ce ƙaddara ce ta dawo masa da shi. Me ya sa kullum mai rauni ake tuna wa ƙaddara? Yafiya alheri ce babba, amma sai wanda aka amsa masa cewa haƙƙin nasa ne yake yafewa, wanda aka rufe wa ƙofa an ƙwace masa ne. Kuma a wannan yanki abin ya wuce kuɗi. Ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma da maƙwabciyarsu Safana sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma kowa ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a daji bayan magariba. Motar hayar nan ita ce ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Wanda ya rufe tsagewar inji da gam yana wasa da rayukan mutanen da bai taɓa gani ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar doka, kuma ba zai hana mai shago karɓar kuɗinsa nan take ba, domin ba cewa aka yi mai saye ya fasa don ya canza ra'ayi ba, sai don aibi. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a Dutsin-Ma da Kurfi, da na bakanikai, su zauna da shugabannin 'yan kayan gyara na Katsina da Ƙofar Ruwa, su amince da abin da za a riƙa rubutawa a rasit: lambar inji, ko an taɓa buɗe shi ko ba a taɓa ba, kwana nawa na gwaji daga ranar da aka ɗora, wa zai duba in an yi saɓani, wa zai biya kuɗin mayarwa. Limamanmu na Juma'a su ware huɗuba a kan aibin haja kamar yadda suke ware wa riba da tauye mudu. Kai kuma mai mota, da ka sayar da sanka ka kama hanyar Kano, kada ka ƙirga kuɗi sai an rubuta maka waɗannan, kuma shagon da ya ƙi rubutawa, ka wuce na gaba.